Shuɗi a Tankin Feshi

Shekara goma sha tara Kunkuru ya yi yana goyon tankin feshi a babbar gonar kamfani, har sunansa na gaskiya ya nemi ɓacewa a bakin mutane. Gajere ne kakkaura, mai faɗin baya da ɗan guntun wuya. In ya saɓa tanki ya shiga tsakanin kunyoyin masara, daga nesa ba abin da za ka hango sai tanki yana tafiya da ƙafafu biyu. Wanda ya laƙaba masa sunan ya daɗe da barin aiki, amma suna ya zauna daram, shi ma da kansa ya saba amsawa.

Su goma sha biyu ne masu feshin maganin ciyawa. Kullum da safe tarakta ke kwasarsu a bakin titi, su cika tirela tare da durom ɗin ruwa da jarkokin magani. A bakin gona Heluma, wato shugabansu, zai auna magani ya zuba wa kowa a tanki, a cika da ruwa, a murɗa murfi, a jera. Hannun hagu na buga famfo, na dama na kaɗa sanda, haka za a yi ta yi har rana ta take. Kamfani ya taɓa raba safar hannu da takunkumi, shekarun baya. Safar ta yayyage ba a sake ba, takunkumi kuwa zafi ya sa aka mai da shi abin rataya a wuya, har ya bi shanun sarki. Kunkuru shi ne kan gaba wajen cika baki. Yakan ce fatarsa ta riga ta jiƙu, yanzu magani ne ke tsoronsa.

Wata Talata, tun tankin farko ya ji bayansa ya jiƙe. Ya ɗauka gumi ne, har ma sanyin ya ɗan yi masa daɗi. Wajen hantsi abin ya koma ƙaiƙayi, ya riƙa goga baya a jikin tanki yana tafiya. Kafin tsakar rana sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen guga, amma ya dake, don kada a ce tsufa ya fara kama shi.

Zakara ne ya gano. Shi ne babban abokinsa, dogo siriri mai maƙogwaro kamar lasifika, wanda ke tashin tirela da waƙa kowace safiya ko an so ko ba a so ba. Yana biye da shi a kunya ta gaba sai ya ga ruwa na ɗiga daga gindin rigar Kunkuru, kuma ba kalar gumi ba ne. Bai tsaya tambaya ba, ya fizge tankin ya jefar, ya ja shi zuwa durom, ya keta rigar tun daga wuya, ya shiga sheƙa masa ruwa bokiti bayan bokiti. Da aka kwance murfin tankin aka ga robar ciki ta tsage gida biyu. Tun safe magani ke tsiyaya a bayan mutum.

A ƙaramin asibitin gona akwai wata sabuwar nas, 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta cika magana ba. Ta wanke bayan da sabulu da ruwa mai yawa, ta sake wankewa, ta kuma sakewa, sannan ta tambaye shi tun yaushe ya fara jin jiƙa. Ya ce bai fi awa biyar ba. Ta sauke tabarau ta dube shi ta samansa.

“Baba, da tafasasshen ruwa ne ke zubo maka, minti nawa za ka yi kafin ka sauke tankin?”

Ya kau da kai yana kallon silin. Ta ɗebi jininsa da fitsarinsa ta aika babban asibiti, ta ba shi man shafawa, ta ce hutun mako biyu, kuma kwanciya ruf da ciki.

Gidansa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, a wani lungu da babur ma sai ya karkata yake shiga. Matarsa tela ce, unguwa kaf Mai Keke ake ce mata, don tun safe har yamma ƙarar kekenta ke fita ta taga. Da Zakara ya shigo da shi riga a yage, baya ya yi jawur ya fara tasowa, ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa tabarma kusa da keken, ta kwantar da shi, ta ɗauki man shafawa. Bakinta na yi masa wankin babban bargo, hannunta kuwa na bin bayan a hankali kamar mai shafa kan jariri. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne saƙon da nas ta aiko, cewa kada a ƙara wanke kayan aikinsa tare da na gida. Shekara goma sha tara a baho ɗaya take haɗa su da kayan yara da zannuwanta, ba wanda ya taɓa ce mata uffan.

Kwana huɗu na farko gidan ba daɗi. Bayan ya yi ƙuraje ya fashe, ga zullumin sakamakon gwaji. Kunkuru ya yi shiru irin wanda matarsa ba ta san shi da shi ba, abinci ma sai ta tsaya a kansa. Rana ta biyar nas ta bugo waya ta ce ƙoda lafiya, hanta lafiya, abin a fata ya tsaya. Mai Keke ta zauna daɓas a kan kujerar ɗinki ta rufe fuska da wani ƙyallen atamfa, ta daɗe a haka, ta tashi ta ce ƙura ce ta shiga mata ido. Shi kuwa ya cinye kwano biyu ya nemi ƙari.

Daga nan jinya ta koma hutu. Bai taɓa wuni a gida ranar aiki ba, bai san haka ɗakin ke cika ba. Mata na shigowa da yadi suna fita da labari, shi yana kwance ruf da ciki a gindin keke kamar tabarma ta biyu. Da farko suna jin nauyinsa, daga baya suka manta da shi, ya sha labaran unguwa har ya fara tofa albarkacin bakinsa. Matar ta ga yana zaman banza ta ɗora shi a kan zura zare a allura da tsintar fil. Har ya kai ga ba da shawarar kalar zare, ana ƙi.

Ranar hutu abokan aiki suka zo dubiya, su goma sha ɗaya rigis, da lemo da burodi. Suka cika ɗaki, wasu a bakin ƙofa, wasu ta taga. Zakara ya ce shi ba zai tafi ba sai ya ga bayan da ya sha wahalar wankewa. Da aka ɗaga zanen ya leƙa, ya ce ai wannan taswira ce, har ga kogi ga tsibiri, aka kwashe da dariya. Ana cikin haka sai ya miƙo hannunsa na dama, ya ce to shi ma a duba nasa. Faratan yatsu biyu sun fita, sababbin sun fito a murɗe. Kullum hannun a aljihu yake, kowa ya ɗauka yanga ce.

Heluma ya yi gyaran murya, ya naɗe ƙafar wando. Ƙwaurinsa duk tabo ne, baƙi-baƙi, inda jiƙaƙƙiyar ciyawa ke shafarsa. Wani da ake kira Shiru-shiru, wanda sai ya yi mako bai ce komai ba, ya ce shi duk lokacin feshi haɓo yake yi, yana ɓuya bayan tirela ya toshe hanci. Kafin ka ce me, wannan ya kwaye riga, wancan ya gwale ido, ɗaki ya koma kamar layin asibiti, ana nunawa ana dariya, kowa na cewa nasa ya fi. Sannu a hankali dariyar ta yi sanyi. Ashe kowa ya zaci shi kaɗai ne, jikinsa ne ba ƙwari, yana ɓoyewa kada a cire shi daga feshi. Kunkuru ya ji kunya ta rufe shi, don ya san cika bakinsa na cikin abin da ya kulle bakunansu.

Sai a lokacin aka lura keken ɗinki ya tsaya. Mai Keke ta juyo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

“Manya da ku, kowa da gemunsa, kuna ɓoye ciwo kamar wanda ya saci nama a tukunya. To ni dai nawa ba zai koma haka ba.”

Washegari ta samo guntun tamfol ruwan ɗorawa a wurin wani maƙwabcinsu direban babbar mota. Ta auna mijinta daga wuya zuwa cinya, ta yanka, ta sa masa shafi na farin yadi mai shan gumi, ta yi masa igiyoyi a gefe. Allura uku ta karya kafin ta gama. Abin ya fito kamar riga marar hannu, baya dogo gaba gajere, in an motsa sai ya yi ƙara kwaram-kwaram.

Ranar da ya koma aiki, yana fitowa bakin titi cikin tamfol ɗin nan tirela ta kaure da dariya. Zakara ya ce kunkuru ya sake ƙoƙo, nan take ya haɗa masa waƙa, sauran suna amshi har bakin gona. Kunkuru ya yi dariya tare da su, amma abin ya tsaya masa a rai, don ya ga duk maganar da aka yi a ɗakinsa ta bi iska. Sun ce tankinsa ne ya lalace, nasu lafiya lau. Da bakin sandar wani ya toshe, a gabansa ya sa baki ya hure.

Ya kai ƙorafi wurin nas ranar da ta duba bayansa na ƙarshe. Ya ce mutanen nan ba sa jin magana, shi ma ya san da shi ne ba zai ji ba, tunda maganin in ya bushe ba a ganinsa a jiki. Tana naɗe bandeji ta ce a makaranta an taɓa nuna musu wata dabara. A wanke tankuna tas, a cika da ruwa zalla, a zuba shuɗin rini, a sa fararen kaya a yi feshi kamar kullum. Duk inda magani ke sauka, shuɗi zai nuna. Kunkuru ya miƙe tun ba ta gama ɗaure bandejin ba.

Sai izinin Manaja. Mutum ne mai farar riga da waya a kunne, ko gaisuwa da kai yake amsawa. Heluma da Kunkuru suka tare shi a ƙofar ofis suka yi bayani, ya ji rabi, ya ɗauka wankin tanki za a yi, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce awa guda. Mai Keke ta bi maƙwabta ta tattaro tsofaffin fararen zannuwan gado, ta yi kwana uku tana mai da su riguna da wanduna, ɗinkin gaggawa, wani hannu ya fi wani tsawo.

Safiyar ranar iska na kaɗawa kaɗan-kaɗan, irin wadda ba su taɓa fasa aiki dominta ba. Aka zaɓi wani fili da ba shuka, sai ciyawa iya ƙwauri. Mutum goma sha biyu fari fat suka jera, nas ta tsaya gefe da agogo ta ce minti ashirin, kowa ya yi yadda ya saba. Kunkuru ya ɗora tamfol ɗinsa a kan farar riga. Yana ta tunanin in aka fito fari ƙal to shi kam ya shiga uku da waƙar Zakara har ƙarshen shekara.

Ba a yi minti biyar ba ya san ya tsira. Na gabansa tuni ƙafafun wandonsa sun rine har gwiwa. Da nas ta tafa hannu aka sauke tankuna, aka juyo aka dubi juna, sai dariya ta ɓarke. Heluma, da yake shi ya zuba wa kowa, hannayensa shuɗɗa ne har gwiwar hannu. Mutum bakwai bayansu ya jiƙe shataf daga kafaɗa zuwa ƙugu, cikinsu har da masu rantsuwa cewa tankinsu ko ɗigo ba ya yi. Shiru-shiru ya share gumi ya bar sawun yatsu huɗu a goshi, hancinsa kuwa har ciki. Zakara na tsaye yana nuna kowa yana riƙe ciki, bai san leɓɓansa da haƙoransa na gaba sun yi shuɗi ba, don sandarsa ta toshe a hanya ya hure ta bai ma san ya yi ba. Da aka miƙa masa madubin tarakta ya duba, waƙa ta ƙare masa.

Kunkuru ya kwance igiyoyi ya cire tamfol, ya juya musu baya a hankali, yana jan lokaci. Rigar fari tas, sai gumi. Amma nas ba ta bar shi ya gama taƙama ba, ta nuna masa wuyan hannunsa da ƙafafunsa da gefen kumatu, ta ce baya kaɗai matarsa ta ceto.

Hayaniyar ce ta jawo Manaja. Ashe ya iso tun ana tsakiyar feshi, ya tsaya can nesa wajen taku ashirin yana waya, ta inda iska ke bi. Ya matso yana tambayar wannan wane irin shashanci ne a lokacin aiki. Kowa rigar Manajan yake kallo. Ya sunkuya ya duba. Farar rigar nan mai guga ta yi ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa, har kan gilashin wayarsa.

Kunkuru ya matsa ya ce, “Ranka ya daɗe, ruwa ne da shuɗi, zai wanku. Na kullum ɗin ne ba ya nuna kala.”

Manaja ya kashe wayar ya sa a aljihu, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya bi layi yana duba bayan kowa, ya sa aka kwance murafu ya ga robobi, ya riƙe hannun Zakara ya daɗe yana kallon faratan. Ya ce wa nas ta rubuto duk abin da ake bukata kafin a tashi. Ya ɗaga tamfol ɗin Kunkuru ya jujjuya, ya tambayi inda aka sayo. Kunkuru ya ce ba a sayar da irinsa a kasuwa, a ɗakinsa kamfanin yake.

Ba duka aka samu lokaci ɗaya ba. Robobin murfi sun zo a makon, safar hannu da takalman roba suka biyo baya, tabarau kuwa sai da aka yi wata biyu ana tuni. Aka kafa rumfa da famfo da sabulu a bakin gona, aka ce kayan aiki a nan za su riƙa kwana, a nan za a wanke su. Aka matso da lokacin fita, in iska ta tashi a sauke tanki. Ƙorafin zafi dai bai ƙare ba, Zakara kullum sai ya ce ana dafa shi da ransa, amma ya daina sa sanda a baki, ɗan tsinke yake yawo da shi a bayan kunne.

Rigunan tamfol goma sha ɗaya aka ba Mai Keke ta ɗinka. Ta ce ita ba ta ɗinki da ka, sai ta auna kowa, don haka wata safiya ta ɗauki tef da fensir ta bi mijinta bakin titi. Aka ba ta wuri mafi kyau a tirela, aka shimfiɗa mata buhu, Zakara ya rage murya saboda girmamawa, na minti biyu. Ba ta taɓa zuwa gonar ba. Da tarakta ta haura tudu, masara ta bayyana kore shar har iyakar gani, ta riƙe gefen tirela tana kallo. Kunkuru ya shiga nuna mata, can ne ya fara aiki, can ne maciji ya taɓa korarsu su shida, wancan layin bishiyoyin a gabansa aka dasa.

A ƙarƙashin rumfa ta jera su tana aunawa tana tsiya. Ta ce wa Heluma ya daina shanye tumbi, tamfol ba ya ƙarya. Ta ce Zakara kuwa igiya kawai za ta ba shi ya naɗa. Da ta gama, ta ga wani sabon tanki da ba a taɓa zuba masa magani ba, ta ce a cika mata shi da ruwa ta ji. Mijin ya hana, ta nace. Aka ɗora mata, ta miƙe da ƙyar, ta yi taku uku tana tangaɗi, ya yi maza ya tallafe tankin ta baya.

“Baban yara, wannan kake ɗauka?”

Ya ce ai wannan ɗaya ke nan, a wuni sai a yi goma sha biyar. Ta tsaya tana kallonsa, ya sauke mata tankin, ya gyara mata mayafin da igiya ta ja. Ta ce daga yau kafaɗun rigar duka za ta sa musu soso, nasa kuma ninki biyu. Zakara ya ce wannan son kai ne ƙiri-ƙiri, zai kai ƙara wurin Manaja.

Direban tarakta zai koma ɗebo ruwa, ya ce ta zo ya sauke ta a titi. Maimakon tirela sai ta nemi zama kusa da shi a sama, ta ce tunda ta zo sai ta ga komai. Kunkuru ya sa safar hannu, ya ja takunkumi, ya saɓa tankinsa ya shiga layi. Har tarakta ta kai kan tudu yana jiyo muryarta tana tambayar direba wanne ne birki.